Tafiyarmu Nijar Saboda Kunnen Yaya Garba

Tun da muka dawo daga Nijar ban sha shayi da zafinsa ba a ɗakin malamai. Da na kai kofi baki sai wani ya ce, "Malam Haruna, wai gaskiya ne burodinsu har dogara shi ake yi?" In na shiga kasuwa kuma tambayar ta sake: me muka yi wa Yaya Garba a can da ya dawo da kofuna biyu manne a kai? Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, kowa ya tafi da nasa guntun ya ƙara masa gishiri. To ga shi a rubuce. Duk wanda ya sake tambayata zan miƙa masa, in kuma tsohon ɗalibina ne, ya shirya amsa tambayoyi bayan ya gama.

Domin wanda ba ɗan gari ba: Yaya Garba wana ne, ciki ɗaya, kuma shi ne mai injin niƙan nan na unguwar Hashimi wanda ake jin bugunsa tun kafin a hango rumfar. Ya yi shekaru masu yawa yana tsaye a gefensa, kunnen dama wajen inji, yana tura hatsi. Abu biyu aka san shi da su: niƙansa da laushi, gaisuwarsa da tsawo. Ka ce masa "ina kwana", sai ya tambaye ka gida, da yara, da mai jiki, da gajiyar shekaranjiya, da yadda ta ƙare da akuyar nan taka mai tari. Duk wannan cikin ƙarar inji yake yinsa, da ihu, kuma bai taɓa tsallake ko ɗaya ba.

Matarsa Asabe ce ta fara lura. Ta kawo mini ƙara wai mijinta ya koyi sabon salo: in namiji ya yi magana yana ji, in ita ce sai ya zama bango. Na ba ta haƙuri irin na ƙanin miji, wato na goyi bayan wana. Daga nan rediyonsa ya fara yi wa unguwa duka labarun duniya. Sai kuma ya ce wani gyare ya tare masa a kunne, ba dare ba rana. Ya toshe da auduga. Ya ɗiga man kaɗanya, ya ɗiga wani abu da wanzami ya ba shi wanda har yau ba na so in san ko mene ne. Ranar da na tsorata ita ce ranar da muka taho daga jana'iza ina gefensa na dama. Na yi masa bayani mai kyau a kan yadda za a raba gonar marigayin, da misalai, har ƙofar gida. Ya juyo ya ce, "Haruna, yau ka yi shiru."

Kunnen dama ya tafi ke nan. Saura na hagu, shi ma ya fara haɗa kaya. Mutumin da rayuwarsa duka tambaya ce da jiran amsa, in aka hana shi jin amsar, ban san me aka bar masa ba.

Ana cikin haka ɗan kawunmu Isuhu ya zo ziyara daga Nijar. Yana aiki a wata masana'antar siminti gaba da Ƙonni, a wajen injin da ke farfasa dutse. Ya ɗan tsaya a rumfar Yaya ya fito yana girgiza kai. Ya ce a wurinsu ko mai shara ba a bari ya tsaya kusa da ƙara irin wannan kunne a buɗe, kuma suna da malamin asibiti da ya san kan kunne. Da hutun makaranta ya zo na ce sai mu je. Yaya ya kawo uzuri iri-iri, babbansu shi ne wa zai yi wa mutane niƙa. Asabe ce ta yanke maganar. Ta zagaya gefensa na hagu ta faɗi abin da ta faɗa, kuma a wannan karon ya ji.

Muka tashi da sassafe da jaka ɗaya da buhun doya, don ba a fita daga ƙasar doya zuwa ƙasar gero hannu na dukan cinya. Direban da ya kai mu Kaduna mutum ne da ya yi imani da oda. Yana danna wa akuya, yana danna wa itace, yana danna wa duk ƙauyen da ya taɓa cin abinci a cikinsa. Tsakanin oda da oda kuma kaset ne. Kafin Tafa kaina ya fara sarawa. Yaya kuwa ya kwantar da kunnen hagu a kafaɗata, ya bar wa direba na dama, ya yi barci irin na jariri. Na fara tunanin wanne ne daga cikinmu ya kamata a kai asibiti.

A motar Sakkwato na gano wani abu da ba ya cikin littafin kiwon lafiya da muke koyarwa: wanda jinsa ya ragu ba ya jin ƙarfin muryarsa, saboda haka raɗarsa huɗuba ce. Gabanmu akwai wani Alhaji mai fataucin yadi, ya sha turare har idona na ruwa. Yaya ya sunkuyo, ya kare baki da hannu kamar mai sirri, ya ce da muryar da ta kai har wajen direba, "Haruna, wannan bawan Allah shafa turaren ya yi ko faɗawa ya yi ciki?"

Kowa a motar ya ji. Alhaji ya juyo a hankali ya ce, "Faɗawa na yi, Baba."

Yaya ya ga mutum ya juyo gare shi, kuma a iliminsa ba abin da ke sa mutum ya juyo sai gaisuwa. Ya miƙa hannu biyu ya fara. Kafin Zariya ya san sunayen 'ya'yan Alhaji. Kafin Funtuwa suna shan rake ɗaya. Da muka isa Sakkwato Alhajin ya rantse ba mu kwana ko'ina sai gidansa. Ya sauke mu a ɗakin baƙi kusa da zaure, aka kawo tuwon shinkafa da fura mai sanyi. Zafin garin ba irin namu ba ne mai gumi, shi busasshe ne, kamar an buɗe maka murfin tanda an ce leƙa. Da safe ya raka mu tashar Illela, ya ba Yaya kwalbar turaren nan tsaraba. Ban san ko alheri ne ko ramuwa ba.

A Illela, kan iyaka, jami'an namu suka dube mu da ido ɗaya suka ce Allah ya kiyaye hanya. Hayin can ne aikin yake. Jandarma, wato ɗan sandansu na kan hanya, ya karɓi takardunmu ya karanta a tsanake. Saurayi ne tsayayye, da gashin baki, da kaki wanda tela ya yi wa rowar yadi.

Ya ɗora yatsa a kan sunan garinmu a takarda ya ce, "Abuja. Ku ne mutanen sabon babban birnin?"

Na yi masa bayani cewa gwamnati ce ta ga sunanmu ta yi sha'awa, ta ɗauka ta kai daji ta ajiye, mu kuma aka ce mu riƙa amsa Suleja. Birnin kuwa har yanzu yawancinsa a takarda yake.

Ya ce, "Ke nan kun hito daga garin da babu shi."

Na ce garin na nan, sunan ne ya yi ƙaura. Ya ɗan yi murmushi, har ya ɗaga hatimi zai buga. A daidai nan Yaya ya kare baki da hannu.

"Haruna, wandon nan sa shi ya yi, ko yana ciki aka ɗinka?"

Hatimi ya koma inda ya fito. Jandarma ya ce a zazzage buhu. Ya ɗauki doya ɗaya-ɗaya, ya juya ta, ya ƙwanƙwasa, ya kara a kunne, kamar mai neman wadda ta haɗiye bindiga. Bai kai rabi ba rana ta take, ya duba agogo, ya rufe taga ya tafi.

Wannan wata al'adarsu ce da na yi sha'awa, ko da yake ba a ranar ba. Da rana ta yi tsaka ƙasar duka rufewa take. Ofis, kanti, har iyaka, kowa ya je ya kwanta sai rana ta yi sanyi. Mu ma a nan muna barci a ofis, sai dai ba mu da gaskiyar da za mu rufe ƙofa mu sanar.

Muka zauna gindin darbejiya da doyarmu a baje. A nan muka fara haɗuwa da burodin. Dogo ne siriri, bayansa kamar ɓawon itace, cikinsa iska. Ba a dogara shi, ga amsar masu tambaya, amma na ga an kori kare da shi. Da kofi ake cinsa, baƙi ƙirin a ƙaramin gilashi, da madarar gwangwani kwance a ƙasa kamar laka a rijiya.

Da jandarma ya dawo ya sami Yaya na jiransa da gaisuwa, don shi bai san an yi faɗa ba. Ya tambaye shi barci, da aiki, da iyaye, da zafin rana. Jandarma ya jawo ni gefe ya ce, "Mi ya sa dattijon ga ke magana kamar yana kiran shanu?" Na gaya masa, da inda za mu. Ya waiga gefe da gefe. Sannan ya rage murya ya ce tun lokacin da aka koya musu harbi shi ma wani fito ya zauna masa a kunne ɗaya, bai taɓa gaya wa kowa ba. Ya buga hatimi, ya taya mu mayar da doya buhu, ya ce in mun dawo mu faɗa masa abin da aka ce.

Gidan Isuhu na cikin rukunin gidajen ma'aikata, inda ƙurar siminti ta yi wa komai furfura, har kaji. Matarsa Hadiza ta karɓe mu da fura, su kuwa hura suke cewa, kuma a wurinsu ita ce karin kumallo, ita ce abincin rana, ita ce sannu da zuwa. Ta tambayi yadda muke yi da doya. Na yi mata darasin sakwara daki-daki, irin na wanda bai taɓa riƙe taɓarya ba. Abin da ya fito daga turmin ba sakwara ba ne, amma mun ci da miyar kuka mun gode.

Washegari Isuhu ya kai mu wurin Manjo. Ba soja ba ne, haka suke kiran babban malamin asibiti. Bazabarme ne dogo, Hausarsa a miƙe kamar shi, ba kwana-kwana. Ya haska kunnuwan Yaya. Da hantsaki ya zaro audugar da ke ciki, ya ɗaga ta yana dubawa kamar ya kamo ɓera.

Ya ce, "Wannan ƙura take tarewa, da ƙuda. Ƙara kuwa ta cikinta take wucewa, ko tsayawa ba ta yi."

Ya buga wani ƙarfe mai ƙafa biyu a gwiwarsa ya kai kusa da kunne, ya ɗora a ƙashin bayan kunne, ya gwada da agogo, ya koma bayan Yaya ya yi ta faɗin kalmomi a hankali. Da ya gama ya jawo kujera ya zauna a gefen hagu.

"Baba, na dama ya mutu. Babu allura, babu ƙwaya, ko Faransa aka kai ka. Na hagu ya ji jiki amma da sauransa. Abin da ƙara ta ci ba ta mayarwa. Aikinmu shi ne mu hana ta cin saura."

Yaya ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Ban taɓa ganin ya rasa abin tambaya ba sai ranar. Can ya ce, "Gyaren fa?"

"Shi ma ya zauna ke nan. Za ka saba da shi." Sai ya ƙara da cewa siraran sauti ne ke fara ɓacewa: kukan tsuntsu, muryar yara, muryar mata.

Yaya ya cafke wuyan hannuna. "Haruna, ka ji da kunnenka. Kai ne shaidata wajen Asabe."

Daga nan Manjo ya fito da kofunan. Kamar ƙananan kwanonin sha ne guda biyu, bakinsu da laushi, an haɗa su da wata baka ta ƙarfe da ke bi ta tsakiyar kai. Ya ce amfaninsu duka a mannewa yake, in akwai 'yar kafa ƙara ta sami ƙofa. Nan aka yi karo da hula. Ta Yaya doguwa ce mai aiki, bakar ba ta hawa kanta, kuma tun ranar aurensa babu wanda ya ga tsakiyar kansa sai wanzami. Aka yi ta ja-in-ja kamar ana rabon ƙasa. Daga ƙarshe aka daidaita a kan tashi-ka-fiye-naci ta Isuhu, wadda ke kwanciya luf.

Manjo ya ce mu je a gwada a wurin aiki. Ni ma aka ba ni nawa. Injin fasa dutsen nan ba da kunne kaɗai ake jinsa ba, har a ƙirji. Da na manna kofunan ƙarar ba ta ɓace ba, amma ta koma can nesa, kamar hadari a garin maƙwabta. Na dubi Yaya na ga kafaɗunsa sun sauka, kamar an sauke masa kayan da ya manta yana ɗauke da su.

Sai ma'aikata suka fara wucewa. Al'adarsu a cikin wurin ita ce ba a magana. Yaro ya gamu da mai furfura, ya ɗaga masa gira, shi ke nan an gaisa. Wani ya zo wucewa ya ɗaga wa Yaya gira. Yaya ya dube shi kamar an zage shi, ya ɗaga kofin hagu, ya tambaye shi gida. Dole na hagu, don shi ne mai jin amsa. Na biyu ya zo, haka. Na uku ma ya tsayar da shi da baro cike da dutse yana tambayarsa yara. Manjo ya kamo mu ya fitar waje.

"Baba, ka taɓa ganin mai laima yana rufe ta duk sanda ya gamu da wani cikin ruwa?"

Yaya ya ce, "Sai dai mahaukaci."

"To. Ɗan lokacin nan da kake ɗagawa, ƙarar da ke shiga ta isa ta cinye yawancin amfanin wunin. Kuma kunnen mai rai kake buɗe mata."

Yaya ya gyara tsayuwa. "Manjo, tsohuwa ta taso tun daga ƙauyen Chaza da hatsi a kafaɗa, ta ce mini sannu da aiki, in dube ta in ɗaga gira? Ni ɗan wa?"

"To ka zaɓa. Ka ji sannunta bana, ko ka yi ta jinta har ka tsufa." Ya miƙa hannu ya karɓi kofunan. "Ba na ba da su don ado. Akwai masu so."

Na ga tafiyarmu duka tana shirin komawa cikin kabad. Isuhu ya sunkuyar da kai. Yaya ya dubi kofunan a hannun Manjo. Sannan ya ce, "Na yi alkawari. Muddin inji na tafiya ba zan ɗaga ba." Manjo ya dube shi ido cikin ido, ya miƙa masa.

A hanyar dawowa muka sami jandarmanmu a kan iyaka. Na gaya masa abin da aka ce game da fito, da auduga, da kofuna. Ya gyaɗa kai, ya buga hatimi bai ko buɗe jaka ba. Duk sauran hanya Yaya bai yi raɗa ko ɗaya ba, abin da ya sa na san yana ƙulla wani abu.

Na ba da shaidata wajen Asabe kamar yadda aka ɗora mini. Ta ce to, daga yau sai ta riƙa ara muryar maza.

Ranar da ya buɗe rumfa na je kallo. Layin mata ya kai bakin titi, kowa ta gaji da surfe da daka. Injin Yaya na gas ne irin na da, ba a tada shi da makulli. Sai an zura hannun ƙarfe an juya, an juya, har ya yi tari ya kama, mai juyawa kuwa ya jiƙe sharkaf. Yaya ya tada shi, ya manna kofuna, niƙa ya fara. Ba a jima ba wani tela maƙwabcinsa ya leƙo ya yi sallama, yana yi masa barka da dawowa. Na ga hannun Yaya ya tashi zuwa kofin hagu. Ya tsaya a iska. Sai ya juya ya kashe injin.

Shiru ya faɗo wa Hashimi irin wanda tsofaffi kaɗai ke tunawa. Yaya ya cire kofuna ya rataye a wuya, ya gaisa da tela gaisuwa cikakkiya, da gida, da yara, da bayan rabuwa. Ya sallame shi, ya mayar da kofuna, ya kama hannun ƙarfe. Inji ya kama. Sai ga wani dattijo a kan keke ya rage gudu ya ɗaga murya. Inji ya mutu.

Har hantsi ya ɗaga dawar matar farko rabinta gari rabinta tsaki. Na yi niyyar in yi masa magana, amma me zan ce? Alkawari bai karye ba, kunne a rufe, gaisuwa ba ta faɗi ƙasa ba. Niƙa ne kawai ya tsaya.

Matan ne suka warware abin, ba ni ba, ba Manjo ba. Wata dattijuwa daga Chaza, Iya Ladi, ta sauke ƙwaryarta daga kafaɗa ta je ta tsaya a bakin rumfa. Duk wanda ya doso yana shirin buɗe baki sai ta ɗaga masa yatsa. Da nata niƙan ya zo wata ta karɓe ta. Yanzu abin ya zama doka ba tare da an rubuta ta ba: duk mai hatsi a layi 'yar sanda ce. Rumfar Garba, mutumin da ya fi kowa gaisuwa a garin nan, ita ce wuri ɗaya tak a Suleja da aka hana gaisuwa. Mai son gaishe shi sai ya jira azahar in inji ya huta, ko la'asar in an tashi. A lokacin ne yake shimfiɗa tabarma, ya ajiye kofuna a gefe, ya juya wa baƙo kunnen hagu.

Shekaranjiya na biyo ta nan daga makaranta, hankalina na kan jarrabawa, na manta. Na leƙa na buɗe baki na ce, "Yaya, ina..."

Iya Ladi ce a bakin aiki. Ta ce, "Malam, kai da ka kai shi har Nijar, kai ne za ka kashe mana inji? Riƙe gaisuwarka. Ba ta tsami kafin la'asar."

Na riƙe. Da la'asar na dawo na zauna a tabarma. Ya tambaye ni gida, da yara, da makaranta, da gajiyar tafiyar da muka yi tare. Da gangan na amsa masa da muryar da nake magana da kowa, ban ɗaga ko kaɗan ba. Ya ce, "To, madalla," a daidai wurin da ake cewa.